Gwanintar warware alaƙa a fuskar kwamfuta

A shekarar 2016, da 'yan jaridar ƙungiyar ICIJ suka tasa takardun sirri miliyan 11.5 da aka fallasa, waɗanda ake kira takardun Panama, a gaba, zane ne ya taimaka musu gano wa ke da alaƙa da wa: ɗigo yana wakiltar mutum ko kamfani, layi kuma yana nuna abin da ya haɗa su. Irin wannan zane idan ya faɗa hannun ɗan koyo sai ya koma kamar zaren da ya harɗe, ba kai ba gindi. Shi ya sa masu iya shi suke burge ni ƙwarai.

Gwani ba ya gaggawar ɗauko laburaren manhaja. Sai ya fara tambaya: ɗigo nawa ne, kuma me ake so mai kallo ya gani?

Idan ɗigogin ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma ana son zane mai kyan gani, D3 zai ɗauka, wadda Mike Bostock da abokan aikinsa suka fitar daga Jami'ar Stanford a 2011. Ba ta miƙa maka zane a shirye, kai za ka tsara komai. A tsarinta ɗigogi suna ture juna, layuka suna jawo su, ana ta ja-in-ja har kowa ya sami mazauni, masu kusanci su taru wuri guda. Kallon yadda suke natsuwa kaɗai abin sha'awa ne. Sai dai galibi da SVG ake zana su, kowane ɗigo da nauyinsa a shafin intanet, don haka da sun kai dubbai sai burauza ta fara jan ƙafa.

Nan gwani yake komawa ga Sigma.js, wadda ke ɗora nauyin a kan katin hoto na kwamfuta ta hanyar WebGL, ta zana dubun-dubatar ɗigogi. Cytoscape.js kuwa, ta Jami'ar Toronto, masu nazarin cuɗanyar furotin ne suka raine ta, kuma ta zo da lissafinta: gajeriyar hanya tsakanin ɗigo biyu, da ɗigon da ya fi kowa tasiri.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne iya ragewa. Gwani yakan ɓoye yawancin layukan, ya ba kowane rukuni launinsa, ya ƙara wa manyan ɗigogi girma, sannan ya tsara yadda in ka danna suna ɗaya, maƙwabtansa kaɗai za su bayyana.