Rahoton Gasar Horas da Ma'aikata a Hannun Ɗan Jarida

Rahoton gasar horas da ma'aikata takarda ce da kamfani, asibiti ko hukuma ke rubutawa don neman lambar yabo. A ciki ake bayyana matsalar da ta addabi wurin aikin, irin horon da aka bai wa ma'aikata, da abin da ya sauya bayan haka. Idan alƙalai suka gamsu, masu gasar kan taƙaita rahoton su wallafa shi, kowa ya karanta.

Salon ya yi kama da na makarantar koyon kasuwanci ta Harvard a Amurka, wadda tun shekarun 1920 take koyarwa da labarin matsalar kamfani guda. A Birtaniya gwamnati ta kafa National Training Awards a 1987, gasar da ta yi sama da shekara ashirin tana tara irin waɗannan rahotanni. A 2016 cibiyar City & Guilds ta ƙaddamar da Princess Royal Training Awards da sunan Gimbiya Anne. A Amurka kuwa ƙungiyar masu horas da ma'aikata ta ATD tana ba da lambar BEST tun 2003.

Editoci da yawa ba sa ko ɗaga kai su kalli wannan tarin takardu. Hujjarsu ita ce talla ce aka yi wa kwaskwarima: kamfanin ne ya rubuta da hannunsa, kuma wanda horonsa ya ci tura ba ya shiga gasa. Duk gaskiya ne, sai dai hujjar ba ta kai ko'ina ba. Sanarwar manema labarai ma kamfani ke rubuta ta, amma kullum ana cika shafin kasuwanci da ita, alhali babu wani alƙali da ya taɓa neman shaidar abin da ke cikinta. Rahoton gasa aƙalla ya bi ta hannun masu tantancewa.

Mafi yawan rahotannin suna bin matakai huɗu da Donald Kirkpatrick ya shimfiɗa a 1959, ko da ba su ambaci sunansa ba: yadda mahalarta suka ji da horon, abin da suka koya, ko halinsu a bakin aiki ya sauya, da kuma sakamakon da wurin aikin ya gani. Daga baya Jack Phillips ya ƙara na biyar, wato lissafin ribar kuɗin da aka kashe. Matakin farko ba shi da wani amfani ga ɗan jarida, domin takardar da ake cikewa a ƙarshen bita, bayan an ci an sha, da wuya ta ƙunshi suka. Na biyar kuma ya fi kowanne saurin yaudara, saboda alƙalumansa sun dogara da zato kan abin da zai faru da ba a yi horon ba.

Amfanin rahoton yana can farkonsa, a sashen da ke bayyana dalilin shirya horon. Mai tallar magani a kasuwa sai ya zayyana tsananin ciwo kafin a yarda maganinsa na da ƙarfi. Haka kamfanin da ke son alƙalai su ga nasararsa dole ya faɗi yadda abubuwa suka lalace tun farko. A nan gidan kula da tsofaffi zai rubuta cewa sababbin ma'aikata na gudu kafin su cika wata uku. Masana'anta za ta amsa cewa wasu masu sarrafa injinanta ba sa iya karanta umarnin kiyaye haɗari da ke manne a jikin injin. Otal zai ce shugabannin sassa an ɗaga su ne kawai don sun daɗe, ba wanda ya koya musu tafiyar da mutane. Da ɗan jarida ne ya buga waya ya tambayi waɗannan abubuwa, da jami'in hulɗa da jama'a ya ce ba shi da ta cewa. Ga shi kuwa an rubuta, da sunan kamfani a sama, cikin alfahari. Idan aka jera irin waɗannan sassa daga rahotanni goma na sana'a ɗaya, hoton ƙarancin ƙwarewa a sana'ar kan fito fiye da yadda jawabin minista zai nuna shi.

Kwatancin "kafin" da "bayan" shi ke buƙatar taka-tsantsan. Galibi ana shirya horo ne a shekarar da haɗurra ko ƙorafe-ƙorafen abokan ciniki suka yi ƙamari, kuma shekara mafi muni kan sami mai sauƙi a bayanta ko an yi horo ko ba a yi ba. Don haka ake neman alƙaluman shekaru da dama, a kuma tambaya ko an sayo sabon inji, an ƙara albashi ko an rage ma'aikata a daidai lokacin. A Birtaniya binciken ba wuya: bayanan kuɗin kamfanoni suna shafin Companies House kyauta, hukumar Health and Safety Executive kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta ba gargaɗi ko ta gurfanar.

Muryar ma'aikaci a rahoton ita ce mafi rauni. Kusan kullum jimla ɗaya ce ta godiya daga wanda manaja ya zaɓa. Wanda ya bar aikin da wakilin ƙungiyar ƙwadago ba sa fitowa, ɗan jarida ne zai je ya nemo su.

A Najeriya takardu masu kama da waɗannan suna taruwa a Asusun Horas da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarsa ke Jos. Kamfanonin da doka ta shafa suna biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu, kuma wanda ke son a mayar masa da wani kaso sai ya gabatar da shaidar horon da ya gudanar. Bambancin shi ne ba a wallafa su kamar rahoton gasa, sai an bi ta Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 an nema.