Shaihu Umar a Babban Allo: Tsokaci a kan Sinimar Waiwaye da Tsofaffin Finafinan Hausa

1.0 Gabatarwa

A manyan biranen Turai da Amurka akwai wani nau'in gidan sinima wanda ba ya rige-rigen nuna sabon fim. Aikinsa shi ne ya zaɓo tsofaffin finafinan da suka yi fice, ya tsara su wata-wata bisa jigo, ko ƙasa, ko sunan mai ba da umarni, sannan ya haska su a babban allo kamar yadda masu su suka nufa tun farko. A wannan maƙala za a kira irin wannan gida da sunan sinimar waiwaye. Wadda ta fi shahara ita ce Cinémathèque Française ta birnin Paris, wadda Henri Langlois da Georges Franju suka kafa a 1936. A kujerunta ne François Truffaut da Jean-Luc Godard suka yi karatun fim da ido kafin su ɗauki kyamara. A Jamus kuwa akwai Arsenal ta birnin Berlin, wadda aka buɗe a 1970, kuma ita ce ta shafi manazarta Hausa kai tsaye, domin ta hannunta ne fim ɗin Shaihu Umar ya sake fitowa fili. Manufar maƙalar ita ce ta duba abin da babban allo yake ƙara wa wannan fim, da kuma abin da yake rasawa idan masu kallonsa ba su jin harshensa.

2.0 Daga Littafi zuwa Allo

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin littattafai biyar da gasar ƙagaggun labarai ta 1933 ta haifar a ƙarƙashin Rupert East. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu. Daga baya fim ɗin ya ɓace daga idon jama'a, har aka ɗauka ya salwanta. Zaton ba na banza ba ne, domin zafi da laima su ne manyan abokan gaban naɗin fim: sukan sa shi ya yi tsami, ya ƙanƙance, launinsa ya koɗe. Sai a 2016 aka gano uwar fim ɗin, wato wadda daga ita ake wanke sauran, a ma'adanar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Arsenal ta gyara shi ta hanyar kwamfuta, aka kuma nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018, shekara 42 bayan yin sa.

3.0 Abin da Babban Allo yake Bayarwa

Fim ɗin ya kai minti 142, kuma tafiyarsa ta raƙumi ce, ba ta doki ba. Wanda ya saba da finafinan bidiyo na Hausa, waɗanda suka fara da Turmin Danya a 1990, zai iya ɗaukar wannan nawa a matsayin rauni. Amma fim ɗin bidiyo don akwatin talabijin aka yi shi, shi ya sa yake cika allo da fuskoki da zance. Halilu kuwa don bango mai faɗi ya ɗauki hotonsa. Idan ayari ya ratsa Sahara a allon wayar hannu, mutanen ɗigo-ɗigo ne kawai, mai kallo ya ƙosa ya tura hoton gaba. A babban allo kuwa, ƙanƙantar mutum a cikin yashin ita ce saƙon. Labarin Umar labarin nisa ne: yaron da aka sace, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, aka ƙetara da shi zuwa Ber Kufa, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Nisan da ke tsakanin ɗa da uwa ba a faɗarsa da baki a gamsu. Sai an bar mai kallo ya zauna a cikinsa, ba shi da ikon tsayarwa ko tsallakewa.

Akwai kuma batun tsari. Labarin ya buɗe ne da Shaihu a Rauta, almajiransa sun tambaye shi asalinsa, shi kuma ya shiga ba su tarihi. Ke nan tun a littafin an ƙera labarin ne don taron masu sauraro. A zauren sinima, jama'ar da ke zaune cikin duhu sukan zama ƙarin sahu a bayan almajiran. Mai kallo shi kaɗai a ɗaki ba ya samun wannan matsayi, ko da allonsa ya kai ƙofar zaure girma.

4.0 Abin da Fassara take Zubarwa

A nan ne gizo yake saƙa. Yawancin waɗanda suka kalli fim ɗin a Berlin karanta shi suka yi, ta rubutacciyar fassarar da ke bi ta ƙasan allo. Irin wannan fassara ba ta wuce layi biyu, kuma daƙiƙu kaɗan take yi ta shuɗe, don haka dole mai fassara ya yi tankaɗe. Abin da yakan fara zubarwa shi ne gaisuwa, da addu'a, da kalmomin girmamawa, wai don ba su ciyar da labari gaba. Alhali a labarin da ya ginu a kan fada da makaranta da bauta, waɗannan su ne ma'aunin matsayi. Bambancin da ke tsakanin "ranka ya daɗe" da "Allah gafarta malam" bambanci ne tsakanin mulki da ilimi. Tsawon gaisuwa, da wanda ya fara ta, da wanda ya yanke ta, duk suna nuna wane ne sama. Makircin da fadawa suka ƙulla wa Makau, mijin uwar Umar, da harshe aka ƙulla shi, kuma Bahaushe ne zai ji inda ladabi ya koma sara.

Ba laifin Arsenal ba ne, domin ta yi abin da ya gagari masu kayan. Sai dai ga manazarcin harshe, fim irin wannan taska ce da littafi ba ya iya maye gurbinta. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, fim kuwa ya adana duka biyu, tare da saurin magana da shirun da ke tsakanin kalmomi, kamar yadda 'yan wasan shekarun 1970 suka furta. Mai son kwatanta Hausar wancan zamani da ta finafinan yau yana da hujja a nan wadda kunne zai tabbatar.

5.0 Ina Zauren?

Wani zai ce kallon tsohon fim a sinima al'adar Turawa ce. Tarihin Kano bai goyi bayan haka ba. Tun da aka buɗe sinimar Rex a 1937, gidajen kallo suka yi ta ƙaruwa, kuma Brian Larkin ya nuna yadda finafinan Indiya suka kama zukatan 'yan kallo, har Mother India na 1957 ya yi shekaru da dama ana maimaita shi, jama'a na cika wuri. Wannan ma waiwaye ne, ko da yake neman kuɗi ne ya kawo shi, ba nazari ba. Abin lura shi ne, tsohon fim ɗin Indiya ya sami wannan gata a ƙasar Hausa, na Hausa bai samu ba.

Nunawa sau ɗaya a wani biki ba ta wadatar, domin biki baƙo ne, yana kwana ya wuce. Ƙarfin sinimar waiwaye yana cikin maimaici ne: fim ya dawo bana, ya dawo baɗi, a jera shi da Kanta of Kebbi na Halilu ɗin, ko da finafinan majigi na zamanin Turawa, har a sami 'yan kallon da za su iya yin gardama a kansa. Ma'adanar finafinai ta ƙasa tana Jos, kuma kusan kowace jami'ar da ke koyar da Hausa tana da babban ɗakin lacca mai farin bango. Sashen da ya sa littafin Tafawa Ɓalewa a manhajarsa yana iya neman izini ya haska fim ɗin sau ɗaya a kowane zangon karatu, a rufe tagogi, a kashe fassarar ƙasan allo, a bar ɗalibai da muryar Umaru Ladan har minti 142 ɗin su cika.