Sai ka iya jira kafin ka iya sara

Kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ya fitar da wasan Dark Souls a 2011, ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki. Na biyu ya biyo baya a 2014, na uku a 2016. Wasan ya yi ƙaurin suna wajen wahala, har wasu na shakkarsa tun ba su taɓa shi ba. Amma in ka zauna da masoyansa na haƙiƙa, adalcinsa za ka ji suna yabo. Babu zaɓin sauƙi ko tsanani a farkon wasa, kowa ƙofa ɗaya zai bi. In aka kashe ka kuma, da ka natsu za ka ga inda ka yi ganganci.

Gwanintar tana farawa ne daga wani koren layi a saman allo, ma'aunin ƙarfin jiki. Sara, gudu, mirginawa, tare bugu da garkuwa, duk shi suke ci. Sabon shiga yakan danna maɓalli ba ƙaƙƙautawa, ya kai sara huɗu a jere, koren ya ƙare, ya tsaya cak takobi na saukowa a kansa. Gwani sara ɗaya yake yi, ko biyu in ya ga sarari, sai ya ja da baya ya sauke garkuwa, don ya san ƙarfi ya fi saurin dawowa in garkuwa tana ƙasa. Sauke garkuwa a gaban abokin gaba kuwa sai mai zuciya.

Mirginawa ta fi ba ni sha'awa. A cikinta akwai ɗan lokaci, bai kai daƙiƙa ba, da makami ba ya taɓa ka ko da ya ratsa ta kanka. Shi ya sa za ka ga gwani ya mirgina ya nufi saran maimakon ya guje masa, ya miƙe a bayan maƙiyi. Nauyin sulke ma yana da ta cewa: a wasan farko, wanda kayansa ba su kai kwata na abin da zai iya ɗauka ba yana mirginawa da zafin nama, wanda ya haura rabi kuwa faɗuwa yake tim, ya tashi da kyar. Duk wannan ba ya yiwuwa sai da karatun jikin abokin karo, kamar yadda ɗan dambe ke lura da kafaɗa da tsayuwar ƙafa tun kafin hannu ya taso.

A birnin Anor Londo na cikin wasan ake gane wanda ya iya. Can manyan maƙiya biyu, Ornstein da Smough, suke jira a wani babban zaure mai ginshiƙai. Ornstein mai mashi ne, sauri gare shi, cikin ƙiftawar ido ya ƙetaro zauren. Smough ƙato ne mai guduma, tafe yake a hankali. Gwani ba ya barin ɗayansu ya ɓace masa daga gani. Yakan zagaya ginshiƙi har ƙaton ya maƙale a baya, ya samu mai mashin shi kaɗai, ya sare shi sau ɗaya ya kauce. Ko kurɓar Estus, ruwan da ke mayar da rai, sai ya auna, domin ɗaga kwalbar ma yana cin lokaci. In ya kashe ɗaya, na biyun ya shanye ƙarfin ɗan'uwansa, ransa ya cika, faɗa ya koma sabo.

Mutuwa ma da darasinta. Rayukan da ka tara, waɗanda su ne kuɗin wasan, suna zubewa a inda ka faɗi. Dama ɗaya gare ka ka koma ka kwashe su, in aka sake kashe ka a hanya sun tafi ke nan. Zalama ce ke kashe yawancin mutane a wannan komawar.

Akwai waɗanda suka kai ƙarshen wasan ba su ƙara wa jaruminsu matsayi ko ɗaya ba. Akwai ma waɗanda suka bi wasannin uku a jere, ba tare da sara ɗaya ya same su ba. Jaruminsu bai fi na kowa ƙarfi ba, sun dai haddace motsin kowane babban maƙiyi har sun san bugun da zai biyo bayan ɗaga hannunsa.