Kafin a ɗura wa tarwada kafso

A watan Afrilun bara, wata safiyar Talata, na leƙa kwamin tamfol da ke bayan ɗakina a Dogon Kiriya na tarar da tarwada 11 sun juya ciki sama. Kashegari suka zama 26. Na yi abin da kowa yake yi: na aiki yaro kasuwa ya sayo kafson nan mai ja da rawaya, na ɓare na zazzage a ruwa, na bi da gishiri da ganyen shuwaka, kamar yadda ake ta faɗa a zauren WhatsApp na masu kiwon kifi. Mutuwa ba ta tsaya ba. Kuɗin abincin wata huɗu nake kwashewa da hannuna ina binnewa a rami, kuma sai wanda abin ya taɓa samu ya san zafinsa.

Da dare na kira ɗan ƙanwata da ke Kwatano. Aikinsa kula da akwatin gilashi na ruwan teku a gidan wani attajiri, irin wanda ake zuba wa kifaye masu launi da jatan lande da katantanwa da murjani mai rai. Na lissafa masa magungunan da na sa. Bai ce uffan a kansu ba.

"Kawu, me ya canza a satin nan?"

"Babu abin da ya canza."

"Ruwan fa? Daga inda ka saba ɗiba ne?"

Sai na yi shiru. Injin rijiyar burtsatsen unguwarmu ya lalace kwana biyar kafin nan, muna sayen ruwan amalanke daga wata rijiya ta cikin kwari, wadda kowa ya san ruwanta da zartsi. Ya ce, "To Kawu, don Allah ajiye kafson nan. Ka hana su abinci kwana biyu, ka nemo ruwan da suka saba da shi ko nawa ne, ka riƙa canzawa kaɗan-kaɗan." Cikin kwana uku mutuwa ta tsaya.

Kiwon tarwada a tsakar gida daga Najeriya ya tsallako mana, ƙasar da ta fi kowace ƙasa kiwon wannan kifin, kuma ina murna da zuwansa. Mu mutanen tudu ne. Kifin da muka tashi muka sani busasshe ne, na bakin kogi wajen Gaya, sai kuma wanda ake kamawa in tabki ya ja baya. A ce yau matashi ya kafa kwami a bayan ɗaki ya sayar da ɗanyen kifi ranar kasuwa, wannan alheri ne. Damuwata ita ce sana'ar ta iso mana da rabin iliminta. An koya mana ƙwayar abinci, mai mili 2 da mai mili 4. An koya mana ware manya daga ƙanana don kada su cinye juna. An koya mana sunayen magunguna fiye da kima. Ruwan da kifin yake ci a ciki, yake kashi a ciki, yake numfashi a ciki, babu wanda ya zaunar da mu a kansa.

Masu akwatin ruwan teku ba su da damar yin wannan sakacin, domin dabbobinsu ba su yafewa. Litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, kuma halittun da ba su da ƙashin baya, wato jatan lande da kaguwa da katantanwa da murjani, sun saba da ruwan da ba ya sauya hali. Murjanin nan da kakanninmu mata ke ratayawa a wuya ƙashin wata dabbar teku ce, kuma mai ransa ya fi jariri son lallaɓawa. In ruwan akwati ya ƙafe da yatsa biyu, gishirin yana nan bai tashi ba, sai ruwan ya ƙara kauri. Shi ya sa ake cikawa da ruwan daɗi. Wanda ya cika da ruwan gishiri ya kama hanyar masu dafa gishirin Foga can wajen Gaya, waɗanda ke ƙafar da ruwan zartsi da gangan har ya zama gishiri. Akwai kuma maganin da ake yi wa kifin teku na fararen ɗigo a fata, wanda ke da sinadarin jan ƙarfe a ciki. Gwargwadon da zai warkar da kifi ya isa ya kashe duk jatan lande da katantanwar da ke akwatin, har ɗan guntun ƙarfen tagulla a bakin bututu yana iya yin wannan ɓarnar sannu a hankali. Saboda haka in ɗan ƙanwata ya ga katantanwa ta saki gilashi ta faɗo, ba ya tambayar wace cuta ce. Yana ɗauko kayan awo da littafinsa. Gishiri nawa, zafi nawa, amoniya nawa, me aka zuba, wa ya fesa maganin sauro a falon, wa ya tsoma hannu da sabulu.

Asalin sana'ar tasu ma daga wani masanin sinadarai ya faro. A 1850 Robert Warington ya nuna a Landan cewa kifi da ciyawar ruwa da katantanwa suna iya rayuwa tare a cikin gilashi ba tare da an canza ruwa ba, muddin kowa yana cinye dattin ɗan'uwansa. A 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko a gidan namun dajin birnin.

Ba ina cewa a kawo akwatin ruwan teku ƙasar Arewa ba ne. Tsakaninmu da teku fiye da kilomita 800 ne, wutar da za ta riƙe injinsa dare da rana ba mu da ita, kuma wanda yake sayen ruwan sha a bido bai kamata ya yi wannan almubazzarancin ba. Ɗabi'arsu nake so mu ɗauka, ta tuhumar ruwa kafin a tuhumi kifi.

Ga abin da ya faru a kwamina, yadda na fahimce shi daga baya. Duk kifin da ya ci abinci yana fitar da amoniya a cikin ruwa. Kilo guda na abincin kanti yana haifar da amoniya wajen giram 30. Amoniyar nan fuska biyu gare ta, ɗaya mai sauƙi, ɗaya guba, kuma abin da ke raba su shi ne zafin ruwa da ma'aunin tsami da kanwa da ake kira pH. A ruwa mai zafin digiri 30, in ma'aunin yana kan 7, gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. In ya hau 8, ta haura kashi 7. In ya kai 9, kusan rabin amoniyar ta zama guba. Kifi ɗaya, abinci ɗaya, kwami ɗaya, amma ruwan kanwa ya ninka dafin fiye da sau 50. A ƙara da cewa ruwan zafi ba ya riƙe iskar numfashi kamar na sanyi: a digiri 20 lita tana ɗaukar miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 bakwai da rabi. Afrilu kuwa kowa ya san yadda tamfol yake ɗaukar rana.

Wannan magana ta shafe mu fiye da mutanen kurmi, domin a kwarin Dallol Mawri muke zaune, kuma ruwan ƙasarmu ba ɗaya ba ne. Wata rijiyar ruwanta garai-garai, wata kuma a ƙasan kwari da ɗanɗanon kanwa. Matanmu sun riga kowa sani. Sun san rijiyar da ruwanta ke nunar da wake da wuri, sun san wadda ba a shan ruwanta sai dole. Da na tambayi uwargida kafin in juye ruwan amalanken nan, da ta faɗa mini.

Abin da ke ruɗin mu shi ne haƙurin tarwada. Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iska kai tsaye daga sama, shi ya sa take rayuwa a laka inda karfasa za ta mutu cikin sa'a guda. Mai kwami yana ganin kifinsa suna motsi, sai ya ɗauka ruwa lafiya lau. Alhali sun rage ci, sun tsaya tsaye a saman ruwa kamar an rataye su, gashin bakinsu ya fara gutsurewa, fata ta fara gyambo. Wata shida ya cika, kifin da aka yi lissafin zai kai kilo bai kai rabi ba, sai a ce irin ne ba shi da kyau, ko an cuce mu a abinci. Mai akwatin teku yana da katantanwar da za ta mutu ta gargaɗe shi. Mu a tamfol ba mu da mai gargaɗi, kuma ban ce a je tabki a kwaso katantanwa a zuba ba, don wasu daga cikin na tabkunanmu su ne ke ɗauke da tsargiya, ciwon fitsarin jinin nan da ke addabar yaranmu. Mai gargaɗinmu dole ya zama kayan awo.

Gishirin da ake zubawa yana da dalili, kuma ya kamata a san dalilin. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke maƙale a jikin kwami da duwatsun matata, suna juya amoniya zuwa naitirait, wasu kuma su juya naitirait zuwa naitiret mai sauƙin illa. Kafin su kafu sosai ana ɗaukar sati huɗu zuwa shida, kuma masu akwatin teku sukan jira wannan lokacin kafin su sa dabba mai tsada. Naitirait yana shiga jinin kifi ya mai da shi ruwan ƙasa-ƙasa, ya hana shi ɗaukar iska. Gishirin miya yana tare masa hanyar shiga. To wannan aikin gishiri ke nan. Amoniya kuwa ko buhu aka juye ba ya taɓa ta.

Kafso shi ne ya fi tsaya mini a rai. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya bambance mai amfani da marar amfani, yana iya karya bakteriyar da ke tace ruwan, amoniya ta ƙara hawa, mai kwami ya ƙara kafso. Sannan a sayar da kifin da magani a jikinsa, a zubar da ruwan a lungu inda yara ke wasa. Likitoci suna ta kokawa cewa waɗannan magunguna sun fara daina aiki a jikin mutane saboda yawan amfani da su barkatai. Akwai ranar da kifi ke kamuwa da cuta ta gaske, ranar nan a nemi ma'aikacin dabbobi ya duba. Amma ni dai duk mutuwar da na gani da idona, a gidana da gidajen abokai, in aka bi sawu sai a tarar da ruwa a ƙarshe: an cika kifi fiye da ƙarfin kwami, ko an zuba ruwan famfo mai kulorin bai kwana ba, ko an juye ruwan burtsatse mai ɗumi a kan ƴaƴan kifi da asubar hunturu, ko an ɗebo ruwa da bidon da ya taɓa ɗaukar maganin feshin wake. Gidan sauro mai magani ma haka, sinadarin da ke jikinsa dafi ne ga kifi. Na ga wanda ya rufe kwaminsa da sabon gidan sauro don tsuntsaye, yayyafi ɗaya ya wanke shi a ciki.

Shawarar da ta fi yawo a waya ita ce a zubar da ruwa duka kullum a zuba sabo. Wannan maganar mutanen da ruwa ke bi ta ƙofar gidansu ce. A nan, inda mace ke kwana a bakin rijiya da rani, ba za ta yiwu ba, kuma bai dace ba. Abin da zai yiwu shi ne a rage yawan kifi, a zuƙe dattin ƙasan kwami da tiyo, a canza kashi ɗaya cikin uku, a kai ruwan da aka cire gindin zogale da tumatir, tun da taki ne. Masu lambun dankalin turawa na Dogon Dutsi sun fi kowa damar haɗa sana'o'in biyu, sai dai su raba bokitin feshi da bokitin kifi har abada.

Ga masu ayyukan tallafi da ke raba tamfol da ƴaƴan kifi da buhunan abinci, ina roƙonsu su ƙara abu uku a cikin kayan: ma'aunin zafi, takardar awon pH, da ɗan kwalbar awon amoniya. Kuɗinsu bai kai na asarar kwami ɗaya ba. A kuma ware yini guda cikin kwanakin horo, kowa ya zo da ruwan rijiyar da zai yi aiki da ita a auna a gabansa. Masu sayar da abincin kifi su ma su ajiye kayan awon a kan tebur kusa da buhu.

Nawa ɗan ƙanwata ya aiko mini da su a motar Gaya. Yanzu akwai duro biyu a gindin bedi, ruwa yana kwana a ciki kafin ya shiga kwami, da littafin makaranta mai shafi 100 rataye a ƙusa. Ran Litinin da ran Alhamis bayan sallar asuba nake awo, kafin in ba su abinci. Na rage kifin daga 400 zuwa 250. Da injin burtsatse ya sake tsayawa a watan Mayun bana, na tsoma takarda a ruwan amalanke tun yana bakin ƙofa, na ga launin ya doshi 9, na biya mai amalanke kuɗinsa na ce a kai wa masu wanki.