Kiɗan Dare na Chopin Ba na Barci Ba Ne

Masu kaɗa kibod a majami'un Sabon Tasha da Barnawa da Kakuri ba su rasa yatsu ba. Abin da ya cuce su shi ne gangar da ke cikin na'urar, wadda da an danna ta ba ta jiran kowa. Shi ya sa idan aka kunna wa wasunsu Nocturne na Chopin, na biyu a jerin Opus 9, sai su ce kiɗan barci ne, ko su ce makaɗin bai iya riƙe bugu ba. Duka biyun shirme ne.

John Field, ɗan ƙasar Ireland, shi ya ƙago wannan salo na kiɗan dare a fiyano. Chopin, ɗan Poland da aka haifa a 1810, ya karɓa ya kai shi inda Field bai kai ba. Ya tsara wannan Nocturne ɗin tsakanin 1830 da 1832, bai wuce shekara 22 ba.

A saurari hannun hagu tukuna. Bugu huɗu ne a kowace gaɓa, kowane an raba shi uku: sauti mai kauri ɗaya a ƙasa, sai amo biyu a bisansa. Haka yake ta yi har kusan ƙarshe. Hannun dama kuwa mawaƙi ne. Yana shigo da karin da bai fi gaɓa huɗu ba, ya sake dawo da shi sau uku, kowane zuwa da sabon ado: nan ya karkaɗa sauti, can ya cusa ƙananan sautuka rututu a inda ɗazu 'yan kaɗan ne. Yakan ɗan makara da gangan, har mai sauraro ya ƙosa, sannan ya yi sauri ya cimma hagu daidai kan bugu. Wannan shi ne rubato, kuma ɗaliban Chopin sun ruwaito cewa hagu ba ya lamunce wa kowa ya karkata shi. Makaɗan da ke jan hannayen biyu tare, su yi ta langaɓewa don a ce suna da shauƙi, su ne suka ja wa kiɗan sunan barci. Dab da ƙarshe ne kawai hagu yake tsayawa, dama ya yi ta maimaita sautuka huɗu can sama shi kaɗai.

Ni dai a ganina kunnen da ya tashi da Ɗan Maraya Jos ya fi kunnen ɗan makarantar kiɗa saurin gane wannan. Kuntiginsa ba ya sauya tafiya, murya ce ke ja da baya, ta tsere, ta dawo, kuma mutum ɗaya ne ke yin duka biyun. Yaron Narayi da ke son koyon Chopin, kafin ya nemi takardar kiɗa, ya kashe gangar kibod ɗinsa ya nemi tsohon faifan Ɗan Maraya.