3.4 Jigon Haƙuri da Sakin Damuwa a Waƙar Imfiraji da Yadda Yake Sauka a Fadamar Guri

A wannan sashe za a duba jigo guda ɗaya daga cikin jigogin waƙar Imfiraji ta Alhaji Aliyu Namangi, wato jigon haƙuri da sakin damuwa, sannan a auna shi da halin zaman mutanen ƙasar Guri ta masarautar Haɗeja. An zaɓi wannan waƙa ne saboda ta daɗe da barin takarda ta koma bakin jama'a. Makafi da almajirai suna rera ta a kasuwanni da tashoshin mota a ko'ina cikin ƙasar Hausa, kuma da yawa daga masu sauraronta ba su taɓa ganin littafinta ba, ba su ma san sunan mai ita ba. Waƙar da ta kai wannan matsayi ta cancanci a tambayi aikin da take yi a zuciyar mai jin ta.

An haifi Aliyu Namangi a ƙasar Zazzau wajajen 1894, ya rasu a 1990. Tun yana ƙarami ya makance, amma wannan bai hana shi karatun addini mai zurfi ba, har daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Kamfanin NNPC na Zariya ya buga waƙoƙin Imfiraji guda tara. Sunan waƙar kansa ya riga ya faɗi saƙonta. Kalmar ta fito daga Larabci, tana nufin yayewar ƙunci da samun buɗi bayan matsi. Daga tushen nan ne sunan ƙasidar Munfarija ya fito, wadda Yusuf Ibnun Nahwi, malamin nan na ƙasar Tunisiya da ya rasu a 1119, ya tsara a kan cewa tsanani idan ya kai maƙura to yayewarsa ta kusa. Ke nan tun kafin a rera baitin farko an riga an shaida wa mai sauraro cewa abin da za a ba shi magani ne na damuwa.

Hanyar da Namangi ya bi wajen haɗa wannan magani ita ce ta rage wa duniya nauyi a idon mai sauraro. Yana yawan tunatarwa game da mutuwa da kabari da hisabi, yana kuma cika waƙar da yabon Annabi (S.A.W.) da begensa. Wanda bai natsu ba zai ce ai ambaton mutuwa ƙara damuwa yake yi. Amma idan aka lura, abin da yake faruwa ga mai sauraro akasin haka ne. Mutumin da ya kwana yana lissafin bashi, idan aka ajiye bashin nan kusa da kabari, sai ya ga bashin ya ƙanƙance. Mai kuɗin da yake jin tsoronsa shi ma likkafani ɗaya zai samu. Da wannan ma'auni ne waƙar take sauke wa talaka kaya, kuma shi ya sa ba ta tsufa.

Akwai kuma gudummawar zubi da tsarin waƙar. Babban amsa-amonta shi ne "ba", wato ƙwayar kalmar da Hausa take rufe korewa da ita. Wasu za su ce mawaƙin ya zaɓi amsa-amo mai sauƙi ne kawai, tunda kusan kowace jimla ana iya juya ta ta ƙare da korewa. Wannan gaskiya ne, amma sauƙin bai hana shi yin aiki ba. Baiti bayan baiti yana sauka a kan cewa abu kaza bai dawwama ba, ko bai isa ba, ko ba a san shi ba. Kunnen mai sauraro yana sabawa da jiran wannan saukar, har ya zamana karin waƙar da kansa yana koya masa sakin abin da ya riƙe. A nan salo da jigo sun tafi kafaɗa da kafaɗa.

Wannan tunani na sakin damuwa ba ga Hausawa kaɗai yake ba. A ƙasar Girka, wajajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), wani malami mai suna Zeno ya kafa makarantar falsafa a birnin Atina, wadda aka san mabiyanta da Sitoyikawa saboda rumfar da suke zama a cikinta. Daga cikin manyansu na baya akwai Efiktetus, wanda ya tashi a matsayin bawa a daular Rum kuma gurgu ne, da Sarkin Rum Markus Aureliyus da ya yi mulki daga 161 zuwa 180. Ginshiƙin koyarwar Efiktetus shi ne mutum ya raba al'amura gida biyu: waɗanda suke hannunsa, kamar niyyarsa da hukuncin da yake yanke wa abubuwa a zuciyarsa, da waɗanda ba sa hannunsa, kamar lafiyar jiki da dukiya da abin da mutane za su faɗa a kansa. Ya ce damuwa tana zuwa ne idan mutum ya ɗora ransa a kan kashi na biyu. Abin lura shi ne Efiktetus bai rubuta komai da hannunsa ba, almajirinsa Ariyan ne ya rubuta abin da ya ji daga bakinsa, kamar yadda Namangi ya tsara waƙarsa da ka wasu suka sa ta a takarda. Duka biyun masu naƙasa ne, kuma wannan ya ƙara wa maganarsu ƙarfi, domin wanda ya ƙoshi idan ya ce a yi haƙuri ba a cika sauraronsa ba.

Sai dai kamannin ba su wuce nan ba. Babu wata shaida da ke nuna Namangi ya san Sitoyikawa, kuma bai buƙace su ba. Basitoyike yana dogara ne ga hankalinsa, yana horar da shi har ya daina girgiza. Haƙurin Imfiraji kuwa tawakkali ne, yana da wanda ake miƙa wa kayan, yana kuma da lada da ake jira. Basitoyike ba ya sa ran al'amura su canza, yana neman ya daidaita kansa da su ne. Mai sauraron Imfiraji yana sa rai, domin Suratul Inshirahi ta riga ta yi masa alkawarin sauƙi tare da tsanani, karin maganarsa ma ta ce komai nisan dare gari zai waye. Saboda haka kiran waƙar da sunan falsafar Girka zai zama ɗora mata rigar da ba tata ba. Abin da za a iya arowa daga Efiktetus shi ne tambayarsa kawai: mene ne yake hannun mutum, mene ne ba ya hannunsa?

Da wannan tambaya za a koma Guri. Ƙasar Guri tana cikin fadamar Haɗeja da Nguru, inda Kogin Haɗeja yake rarrabuwa ya bazu. Rayuwar mutanenta, Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani, ta rataya ne a kan zuwan ruwa da janyewarsa: noman shinkafa idan ya malala, noman rani idan ya ja baya, su a tafkuna, da kiwo a inda ciyawa ta fito. Mutumin da abincinsa ya dogara ga kogi ya fi kowa sanin cewa akwai abin da ba ya hannunsa. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984, ya kuma ga ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a sassan Jihar Jigawa da dama, ba sai an yi masa dogon sharhi a kan rashin tabbas na duniya ba. Ga irin wannan mutum waƙar tana yin aikin da ba wani abu da zai yi shi. Manomin da ruwa ya kwashe masa shinkafa saura mako biyu a yanka, idan bai samu inda zai sauke baƙin cikinsa ba, ba zai iya tashi ya nemi iri don noman rani ba. Haƙuri a nan kayan aiki ne kamar fartanya.

Amma akwai wurin da al'amarin yake rikicewa, kuma nan ne ya fi cancantar tsayawa. Kogin Haɗeja na yau ba shi ne na zamanin da Namangi ya fara waƙarsa ba. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, duka a Jihar Kano, a saman kogin. Tun daga nan yawan ruwan da yake isowa fadama da lokacin isowarsa suka shiga hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ba damina kaɗai ba. Sakin ruwa a lokacin rani ya sa wasu hanyoyin ruwa ba sa bushewa kamar da, wannan kuwa ya ba ciyawar kacalla damar yaɗuwa, ta toshe magudanai, ta mamaye gonaki, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Sakamakon haka wani wuri ruwa ya yi yawa, wani wuri ya ƙi zuwa. Wannan duk aiki ne na shawarar 'yan Adam, wanda ake iya gyarawa da yashe magudanai da sake tsara lokacin sakin ruwa.

To, a wane kashi za a sa gonar da kacalla ta cinye? Ga manomi guda ɗaya, ba ta hannunsa, bai da iko a kan ƙofar madatsar da ke nesa da shi. Ga jama'a a dunƙule, da hakimansu da wakilansu, tana hannunsu. Waƙar Imfiraji tana magana ne da mutum guda, shi da ransa da Ubangijinsa, ba ta da kashi na uku na abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya amma bai fi ƙarfin taro ba. Wannan giɓi ne na gaske, kuma Sitoyikawa ma an yi musu irin wannan suka, cewa falsafar da ta dace da bawa da sarki a lokaci guda ba ta cika taɓa zancen bautar kanta ba. Haɗarin shi ne kalmar "sai haƙuri", wadda ta dace da gidan rasuwa, ta zama ita ce amsar da ake bai wa mai koke a kan magudanar da ba a yashe ba.

Duk da haka ba adalci ba ne a ɗora wa Namangi wannan laifi. Tawakkalin da ya ginu a kansa yana da sharaɗi sananne, wato hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Rayuwar mawaƙin ma ta nuna haka: bai iya dawo da ganinsa ba, ya bar wannan, amma karatu yana hannunsa, ya kuwa kama shi. Waƙar tana horo da neman sani da gyaran hali da kiyaye ibada, waɗanda duk aiki ne. Inda aka samu tangarɗa shi ne wajen tsinko: mai bara yana zaɓen baitocin da suka fi sa a tausaya, mai sauraro kuma yana riƙe abin da ya fi yi masa sauƙi.

Ƙasar Haɗeja tana da nata mawaƙin da ya cike wani ɓangare na wannan giɓi. Mu'azu Haɗeja, malamin makaranta da ya rasu a 1958, ya fuskanci jama'a a dunƙule a waƙoƙinsa na yaƙi da jahilci da neman ilmin zamani, yana zaburar da su a kan abin da za su iya canzawa da kansu. Sai dai waƙoƙinsa sun fi zama a aji da littafin jarrabawa, ba su samu makafin da za su kai su kasuwa ba. Za a duba su a sashe na 3.5.