Yadda muke karanta Ahalari

 

'Yan uwa, duk wanda ya zauna gaban malami a ƙasashenmu ya san Ahalari, littafin Shehu Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 10 bayan hijira. Na daɗe ina karantar da shi, kuma akwai abin da ke damuna game da yadda muke riƙonsa.

Kafin Shehu ya shiga tsarki da salla, sai da ya yi gabatarwa a kan abin da ya wajaba ga baligi. A nan ya hana yi wa musulmi tsawa, da wulaƙanta shi, da tsorata shi ba da haƙƙi ba, da cin dukiyar mutane ba da yardarsu ba. Har kallon da zai cutar da musulmi ya hana. Kallo fa! To amma ɗalibai a guje suke wuce wannan wuri, hankalinsu na can babin rafkanuwa, ƙabli da ba'adi. Gaskiya gabatarwar ta yi gajarta, jeri ce ba misali, ga rafkanuwa kuwa an bi ta mas'ala mas'ala. Sai dai muhtasari ne, sharhin aikinmu ne mu malamai, kuma mun gaza.

Ku dubi tambayoyin da ake kawo mana. "Malam, sallata ta yi?" "Malam, ina da lada?" Kullum ni, ni. Kwanan baya wani bawan Allah ya tare ni bayan asuba, duk ya damu don ya manta zaman tahiya na farko. Na ba shi amsa: sujada biyu kafin sallama. Shi ɗin nan kuwa magininsa ya yi wata biyu yana bin sa jika ashirin, bai taɓa tambaya a kai ba.

Haka ranar Juma'a, mutum ya tare ƙofar maƙwabcin masallaci da babur, ya ƙetare wuyan mutane don ladan sahun farko, alhali Annabi (SAW) ya zaunar da wanda ya yi irin wannan ƙetarawa saboda ya cutar. A Sahihu Muslim ma an bayyana matsiyacin lahira: mai salla da azumi da zakka wanda za a rabe ladansa ga waɗanda ya zalunta. Sujadar ƙabli ba ta biyan kuɗin magini.

Saboda haka bana a ajinmu na bayan magariba, sati huɗu za mu yi a gabatarwar kafin mu taɓa babin tsarki. Mai gaggawa ya yi haƙuri.